Yadda Ake Shirya Godiyar Kaka a Ikilisiya Har Hatsin Ya Kai Ga Mabukata

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Yola ta Kumo, Billiri da Kaltungo zai ga abin da ake ciki. An shanya masara, ana roron wake, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka. A wannan lokacin ne majami'u ke sa ranar godiyar kaka. ECWA ce ta fi yawa a kudancin jihar Gombe, tun da 'yan mishan na SIM suka sauka a Kaltungo a 1917, amma Katolika da Baftis da Angilikan da sauransu duk suna yi, kowa da tsarinsa. Ranar kan yi armashi. Abin da ke biyo bayanta ne abin dubawa. A wurare da dama, kafin la'asar an yi gwanjon komai, kuɗin ya shiga asusun gini. Idan Yuli ya zo, gwauruwar da ta kawo mudu biyu na gyaɗa tana rawa sai ta rasa abin ɗorawa a murhu, ikilisiya kuma ba ta da ko ƙwaya a ajiye.

Wannan jagora ta dattawa ce, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, da duk wanda aka ɗora wa nauyin shirin. Ra'ayina a fili yake: a karɓi godiya da kaka, a adana hatsin, a raba shi tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka zama wayam.

Zaman farko, mako shida kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasto ya kira zaman dattawa tun tsakiyar Oktoba, a yanke abu uku.

Na farko, rana. Gero kan shigo gida tun Satumba, masara da gyaɗa a Oktoba, dawa da wake sai Nuwamba har cikin Disamba. In kun sa ranar da wuri, masu dawa za su zo hannu rabbana. In kun bari ta wuce tsakiyar Disamba, ta haɗu da hidimar Kirsimeti da bukukuwan aure, kuma da yawa sun riga sun sayar da hatsi don biyan bashin ba-da-kaka. Lahadin ƙarshe ta Nuwamba ko ta farkon Disamba ta fi dacewa da ƙauye. Majami'un cikin garin Gombe, inda ma'aikata suka fi yawa, su dubi lokacin da albashi ke shiga. Inda ake noman rani, kamar Dadin Kowa da Balanga, ana iya ƙara wata ƙaramar godiya bayan an kwashe amfanin rani.

Na biyu, kwamiti. Mutum shida ko bakwai sun isa: dattijo ɗaya, ma'aji, mata biyu daga zumunta, matashi mai iya rubutu da lissafi, da manomi wanda aka san rumbunsa ba ya ƙwari. Ku sake karanta Ayyukan Manzanni sura ta 6 kafin ku zaɓa. Gunagunin farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne, masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Mutum bakwai ɗin da aka zaɓa don gyara lamarin kuwa duk sunayen Helenawa gare su, wato an ba ɓangaren da ya yi kuka amanar rabon. Majami'unmu cike suke da Tangale, Waja, Tula, Cham, Dadiya, Lunguda da Tera, ga Bura da Margi da suka baro Borno da Adamawa saboda rikici, Hausa ce ke haɗa mu a sujada. Idan kwamiti ya zama na ƙabila ɗaya ko dangi ɗaya, ko adalci suka yi ba za a yarda ba.

Na uku shi ne mafi wuya, kuma shi aka fi gudu: a yanke kason kowane ɓangare tun hatsin bai zo ba. Da zarar buhuna sun taru a gaban bagade, kowa zai tuna da buƙatarsa, wannan ya ce rufi na yoyo, wancan ya ce janareto ya mutu. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta lissafa waɗanda aka tanadar wa zakkar shekara ta uku: Lawiyawa, baƙi, marayu da gwauraye. A kan wannan nake ba da shawarar cewa cikin kowane buhu goma, biyar na mabukata ne, biyu na fasto da ma'aikatan majami'a har da mai gadi da mai shara, ɗaya na masu bishara da ke filin aiki (a ECWA ta hannun EMS, sashen bishara na ɗarikar), biyu a sayar don buhunan ajiya, sufuri da abin da tsarin ɗarika ya ce a tura sama. Kuna iya sauya lissafin. Abin da ba za a tsallake ba shi ne magatakarda ya rubuta shi a littafi, a karanta wa jama'a ranar Lahadi.

Su wane ne mabukata?

A nan aikin yake. Kada a kuskura a yi sanarwa a ce mai buƙata ya ɗaga hannu ko ya zo ofishin fasto ya rubuta suna. Masu baki ne za su zo, masu kunya su zauna gida da yunwarsu.

Matan zumunta ne idon ikilisiya a wannan harka. Su ke shiga madafa, su ke zuwa barka da gaisuwar rashin lafiya, su suka san gidan da yara ke kwana da kunu. A raba garin unguwa-unguwa, kowace unguwa mata biyu su kawo sunaye a asirce, sannan kwamiti ya zauna da fasto a tace. Ga irin maganar da ake ji a zama irin wannan:

"Baba Fasto, a sa gidan malamin nan mai ritaya."

"Haba Mama, shi da kullum yake cikin babbar riga, har baiko yake bayarwa?"

"Baba, rigar ce ta rage. Fansho bai fito ba. Matarsa ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, jikoki huɗu kuma suna hannunsu."

Babu dattijon da zai san wannan daga kujerarsa ta gaba.

Wajen tacewa, kada sunan "gwauruwa" ko "maraya" kaɗai ya isa. Bulus da kansa, a 1 Timoti sura ta 5, ya bambanta gwauruwar da ke da 'ya'ya ko jikoki masu iya riƙe ta da wadda ba ta da kowa, ya ce dangi su ɗauki nasu don kada a nawaita wa ikilisiya. Akwai gwauruwar da ɗanta ke aiki a Abuja yana aiko mata duk wata. Akwai kuma magidanci mai ƙarfinsa wanda ambaliya ta share masa gona, ko shanu suka cinye, ko ya kwanta jinya daidai lokacin noma na biyu. A bana, shi ne mabukaci. A duba tsofaffin da ke riƙe da jikoki, naƙasassu, masu doguwar jinya, waɗanda suka yi gudun hijira ba su da gona, da matan da maza suka tafi ci-rani ba labari.

Ga kowane gida a rubuta yawan bakin da ke ci, domin da shi za a yi awo. A ba kowane gida lamba. Littafin sunaye ya zauna hannun mutum biyu kawai, fasto da shugabar zumunta, sauran takardu kuma lambar ce za ta riƙa fitowa a kansu.

Sai batun maƙwabta. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi. Saboda haka na gida ne farko, amma a ware wani abu, ko buhu ɗaya ne, don tsohuwar da ke bayan katangar majami'a ko Musulma ce, ko iyalin rugar da shanunsu suka ƙare. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan harka sarai, su ma suna fitar da zakkar hatsi da kaka, kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar. A bi ta hannun mai unguwa, a bayar ba tare da wani sharaɗi ba. Hatsin da aka ce sai ka zo sujada za a ba ka ya zama ciniki.

Sanarwa da tattarawa

A yi sanarwa Lahadi uku a jere, a faɗi abin da ake so dalla-dalla: hatsi sussukakke, shiƙaƙƙe, busasshe. Wanda ba ya noma ya kawo man girki, gishiri, sabulu, atamfa ko kuɗi. Wanda ya riga ya sa wa hatsinsa magani ya faɗa a rubuta a jikin buhun, ragowar irin shuka mai jan magani kuwa kada ya shigo ko kusa, ba na ci ba ne.

Matasa su nemi amalanke ko keke mai ƙafa uku su zaga ranar Juma'a da Asabar. Kafin nan ma akwai aikin da ya fi wannan: su yi gayya su girbe wa tsofaffi da marasa lafiya gonakinsu. Fasto kuma ya tuna wa masu manyan gonaki Littafin Firistoci 19:9-10, inda aka hana girbe gona har gefe-gefe da komawa yin kala. Da kalar gonar Bo'aza ce Rut ta ciyar da surukarta. Kalar gyaɗa da ta wake har yau mata na yi, mai gona dai ya ba su kwana biyu kafin ya saki dabbobi a ciki.

Ranar godiya

Manyan buhuna a karɓe su tun Asabar, a auna, a rubuta, a kulle. Mutum biyu ne za su riƙa ƙirga tare, na uku ya rubuta. Ko Bulus da ya tara gudummawa don Urushalima bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, ya nemi ikilisiyoyi su haɗa shi da wanda suka zaɓa don kada a sami abin zargi, kamar yadda yake a 2 Korantiyawa sura ta 8. Awo kuma a yi shi da mudu ɗaya tak na majami'a, domin mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba.

Ranar Lahadi kowa ya riƙo abin da hannu zai ɗauka: zangarniyar dawa, ƙwaryar wake, kabewa, damin rake. Kaji da awaki a ɗaure su a inuwa a waje, a ajiye musu ruwa, a sa yara biyu su lura da su. A fito rukuni-rukuni, yaran makarantar Lahadi, matasa, mawaƙa, maza, sannan matan zumunta da ankonsu da tulunsu da caki, waɗanda in suka taso ko dattijo mai ciwon gwiwa sai ya motsa. A ba su lokaci, kada mai jagorar sujada ya riƙa duban agogo.

Abin da nake roƙo a bari shi ne kiran suna da adadi a lasifika. "Wane ya kawo buhu goma, a tafa masa!" Mai mudu ɗaya da ke biye da shi fa? Yesu da ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, mai anini biyu ya yaba. Haka batun gayyato ɗan siyasa a matsayin babban baƙo, a ba shi kujerar gaba da makirufo. In ya zo sujada, maraba. In ya kawo hatsi, a karɓa a rubuta kamar na kowa. Wasiƙar Yaƙubu sura ta 2 ta riga ta yi maganar kujerar mai zoben zinariya.

Bayan sujada a ci abinci tare, tuwo da miyar taushe tunda ga kabewa, da kunu. A fara zuba wa tsofaffi da yara, a ɗebi na marasa lafiya a kai musu gida tun da zafinsa. Duk abin da ba ya ajiyuwa, tumatir, ganye, ƙwai, dankali, a raba shi a ranar.

Me za a yi gwanjonsa?

Dabbobi, domin kiwonsu zai zama rigima. Auduga, riɗi da waken soya, domin dama na sayarwa ne. Amma dawa, gero, masara, wake da shinkafa na kason mabukata kada a taɓa su. Da kaka ne hatsi ya fi araha a duk shekara, wanda ya sayar a Disamba ya ce zai sayo a Yuli zai sayo ƙasa da abin da ya sayar. A aiki mutum ya jiyo farashin ranar a kasuwar garin, ko a Tudun Hatsi in a Gombe ake, a fara gwanjo daga nan. 'Yan kwamiti da iyalansu ba sa saye. Bashi kuma babu. "Na saya, zan kawo kuɗin ran kasuwa" ya cinye awakin majami'u da yawa, kuma ba ma'ajin da ke son bin dattijo bashi.

Ajiya

Idan aka yi sakaci a nan, wata bakwai ƙwari ne za su yi godiyar. Hatsin da ya fito daga gidaje hamsin ba bushewarsa ɗaya ba, don haka a zazzage shi duka a kan tamfol, kowane iri daban, a shanya kwana biyu ko uku, a sake shiƙewa, a tsince ruɓaɓɓu. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna a zubar, kada a ce ai mabukata za su ci. Fumfunar nan tana haifar da guba mai lahanta hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

Manoma kan gane bushewa da haƙori: ƙwaya ta fashe da ƙara, ba ta lotse ba. Ga wata hanya da kowa zai gani da ido. A sami kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku nata, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau. A rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar rana. In ya zube ƙasa ya bar kwalbar fes, an shirya. A bar hatsin ya huce a inuwa kafin a ɗura shi.

Buhun da ya fi dacewa shi ne mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun farko don wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kuma ba a sa masa magani: iska ce ke ƙarewa a ciki, ƙwarin su mutu. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ga ko tana da huji. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba hatsi a bar wurin ɗauri, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure tam da igiya ko tsinken roba. Sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure wuri ɗaya ya ɓata aikin. Inda ba a samu ba, duro mai murfi ko jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ba tana yi, in an cika ta har baki an toshe. Gyaɗa kuwa ta fi zama lafiya cikin ɓawonta.

Maganin feshi irin su Sniper kada ya kusanci abinci. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska ita ma tana kashe mutum in an ajiye buhun a ɗakin da ake kwana.

Ɗakin ajiya ya zama mai rufi marar yoyo. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango saboda laima da gara, a toshe ramukan ɓera, domin ɓera ɗaya in ya huda leda buhun ya tashi daga aiki. A rubuta lamba da iri da kwanan wata a jikin kowanne. Kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya wajen dattijo, ɗaya wajen shugabar zumunta. Ba na ba da shawarar a ajiye a gidan fasto. Ba don rashin amana ba, sai don a hutar da shi da Mama daga masu ƙwanƙwasa ƙofa da dare, da kuma bakin mutane. Sau ɗaya a wata a buɗe ɗakin a duba, ba tare da an kwance buhunan ba.

Rabo

Kashi uku nake ganin ya fi. Ɗan kaɗan a makon Kirsimeti, shinkafa da mai da sabulu da atamfa, don kada wani gida ya rasa abin ɗorawa ranar. Na biyu a watan Mayu, iri ga masu gona da suka cinye nasu: dawa, gero, wake da gyaɗa na gida. Masarar da aka noma daga irin kamfani mai aure ba ta ba da amfani yadda ya kamata in an sake shuka ta, a bar ta a kason ci. Babban rabo shi ne na Yuli da Agusta, lokacin marka, ga aikin gona ga rumbu ba komai, kuma a raba shi biyu da tazarar mako uku ko huɗu.

Lissafin ba wuya. Mutum ɗaya yana buƙatar kusan giram 400 na hatsi a rana, gida mai mutum shida ke nan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 zai kai su kwana 40. In buhu 20 kuke da su, gidaje kuma 40 masu kimanin wannan girma, kowanne zai sami abincin kwana 20. Bai kai a ce an ɗauke musu damina ba, amma ya isa ya hana mutum cin bashin buhu ɗaya ya biya biyu da kaka, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. A auna gwargwadon yawan baki, a haɗa hatsi da wake. A ware buhu ɗaya ko biyu don gobara da rasuwa.

Kada a tara mabukata a harabar majami'a su yi layi. Mata biyu su kai wa kowane gida da yamma kamar sun je gaisuwa, su ne kuma za su sa hannu a littafi cewa lamba kaza ta karɓa. Ba hoto, ba Facebook. Matiyu sura ta 6 ta ce kada hagu ta san abin da dama ke yi, balle kyamara. A haɗa da ɗan kuɗin niƙa, domin akwai gidan da za a kai wa dawa ta kwana uku ba a kai ta inji ba. Inda aka san maigida zai kwashe ya sayar wa masu burkutu, a niƙa a kai gari, a damƙa wa matar, kaɗan-kaɗan. Inda maraya ke zaune a gidan dangi, matan su riƙa leƙawa su ga ko yana samun rabonsa.

A watan Satumba ma'aji ya karanta rahoto a gaban jama'a: buhu nawa suka shigo, nawa aka sayar da kuɗinsu, gidaje nawa suka samu a kowane zagaye, nawa suka lalace in akwai, ba tare da suna ko ɗaya ba. A liƙa kwafi a allon sanarwa. Sannan matasa su share ɗakin ajiya, su ƙone dattin, a duba ledojin buhuna ɗaya bayan ɗaya, masu huji a ware, masu kyau a ninke a rataye inda ɓera ba zai kai ba, magatakarda kuma ya sa zaman dattawa na Oktoba a kalanda.